Nutso a bangon Bells zuwa Blue Hole: sharhi kan aikin wata cibiya a Dahab

Duk wanda ya je Dahab da niyyar nutso ba zai kwana biyu ba sai an ambata masa Bells da Blue Hole, wuraren nutso biyu da ke arewa da garin, na farko tsaga ce a dutsen bakin teku, na biyu kuma rami ne mai zurfi a cikin ruwa. Dahab ƙaramin gari ne a gaɓar gabashin Sina'i ta ƙasar Masar, kimanin kilomita 80 daga Sharm el-Sheikh, yana fuskantar mashigin Aƙaba wanda reshe ne na Bahar Maliya, kuma idan gari ya yi wasai ana hango duwatsun Saudiyya a tsallaken ruwa. Cibiyoyin koyar da nutso da ba da hayar kayansa sun cika bakin tekun, allunansu kuma kusan abu ɗaya suke tallatawa. Wannan sharhi ya shafi ɗaya daga cikinsu, wata cibiya matsakaiciya da ke unguwar Masbat, wadda na yi nutso da ita a wurare daban-daban na yankin, sai dai ma'aunin da na ɗora ta a kai shi ne yadda ta gudanar da nutson bangon da ya taso daga Bells ya ƙare a Blue Hole. Dalilina kuwa shi ne, a wurin da ƙasan ruwa yake kusa yashi yana rufa wa jagora mai sakaci asiri, domin wanda ya kasa riƙe kansa zai sauka a kan yashin ya sake tashi, alhali a jikin wannan bango babu ƙasan da zai tare kowa.

Mashigin Aƙaba tsaga ce a doron ƙasa, ci gaban wadda ta miƙa arewa har Tekun Gishiri, shi ya sa zurfinsa ya haura mita 1,800 a wasu wurare duk da cewa faɗinsa bai wuce kilomita 24 ba. Tsagar ba ta daina motsi ba, domin a watan Nuwamba na 1995 an yi girgizar ƙasa mai ƙarfin da ya haura maki 7 kusa da Nuweiba, arewa da Dahab. Yadda duwatsun Sina'i suka gangaro a tsaye har bakin ruwa, haka suka ci gaba da gangarawa a ƙarƙashinsa, murjani kuma ya bi ya lulluɓe su. Amfanin wannan ga mai nutso shi ne ba ya bukatar jirgin ruwa: mota ce za ta ajiye shi a bakin gaɓa, ya taka 'yan taku kaɗan, sai ga shi a kan ruwa mai zurfin ɗaruruwan mita. Wannan sauƙi shi ne ya sa nutso a Dahab yake da araha idan aka kwatanta da wuraren da sai an hau jirgi, kuma shi ne yake yaudarar mutane su ɗauki wurin da wasa.

Tun a teburin rajista na fara ganin halin cibiyar. Lasisinta na CDWS, hukumar da aka kafa a 2007 don kula da cibiyoyin nutso da wasannin ruwa a Masar, yana rataye a inda kowa zai gani, kuma matar da ke karɓar baƙi ba ta gamsu da faɗar baki ba, sai da ta karɓi katin shaidata ta duba matakinsa, ta kuma tambayi yaushe ne nutsona na ƙarshe. Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin katin matakin farko na PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso tana ba da shaidarsa, da takwarorinta mita 18 kawai ya halatta wa mai shi, mataki na gaba ne ya kai mita 30, mashigar Bells kuwa tana fitar da mutum ne a kusa da mita 30. Daga nan ta miƙo takardar tambayoyin lafiya, wadda a wurare da yawa ake cikewa da "a'a" daga sama har ƙasa ba tare da kowa ya karanta ba. A nan an nemi in karanta ta a gabansu. Ina jan hankalin masu karatu a kan wannan takarda musamman, saboda cutar sikila, wadda ta yawaita a ƙasashenmu, tana cikin abubuwan da likitocin nutso suke hana mai ita shiga ruwa da tukunyar iska, haka ma asma da farfaɗiya da wasu cututtukan zuciya da na huhu suna bukatar izinin likita. Wanda jininsa AS ne ya kamata ya yi magana da likitan da ya san harkar nutso tun kafin ya sayi tikitin jirgi. An kuma tambaye ni ko ina da inshorar da ta ƙunshi jinyar ɗakin matsi, wato ɗakin da ake ƙara wa matsin iska don jinyar ciwon da nutso yake jawowa, aka sanar da ni cewa akwai irin wannan ɗaki a Dahab, akwai wani kuma a Sharm el-Sheikh, kuma jinyarsa ba ta da arha.

Ƙa'idar cibiyar ita ce babu wanda za a kai Bells sai ya yi nutson gwaji a Lighthouse, wani wuri mai sauƙi da ke cikin gari inda ƙasa take gangarawa a hankali. Wasu baƙi suna ganin wannan dabarar ƙarin kuɗi ce, ni kuwa ina ganin shi ne abu mafi daraja da na biya. Ruwan Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna gishiri, yana kaiwa wajen giram 40 a kowace lita alhali matsakaicin na manyan tekuna 35 ne, don haka yana ɗaga mutum sama fiye da yadda ya saba, kuma dalmar da ake ɗaurawa don a nutse wadda ta ishe shi a wani wuri ba lallai ta ishe shi a nan ba. Jagoranmu, wanda kowa yake kira kyaftin kamar yadda Misirawa suke kiran masu irin wannan aiki, ya tsayar da mu ɗaya bayan ɗaya a saman ruwa, ya sa kowa ya fitar da iskar rigarsa, wato rigar da ake hura wa iska don ta ɗaga mutum, ya riƙe numfashi daidai, yana ƙara dalma ko yana ragewa har ruwan ya tsaya wa mutum a daidai idanu. A ƙasa kuma ya sa muka cire gilashin fuska muka mayar, muka saki regileta, wato abin da ake sawa a baki ana shaƙar iskar tukunya, muka lalubo ta, sannan ya nemi kowa ya tsaya cak a tsakiyar ruwa ba tare da ya taɓa ƙasa ko ya motsa hannu ba. Wani matashi a cikinmu, mai kati cikakke, ya kasa wannan na ƙarshe, yana ta hawa da sauka yana cura ruwa da hannuwa. Da muka fito kyaftin ya ja shi gefe, ya gaya masa cikin ladabi cewa ba zai je Bells washegari ba sai ya ƙara nutso a wurare marasa zurfi. Matashin ya ji haushi, ya ce cibiyar da ke maƙwabtaka za ta kai shi ba tare da wannan wahala ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Cibiyar ta yarda ta yi asarar kuɗinsa.

Kayan haya kuwa sai a hankali. Regiletocin suna da kyau, numfashi yana zuwa a sauƙaƙe ko a zurfi, kuma tukwanen iskar, na alminiyam masu ɗaukar kusan lita 12, kullum ana cika su zuwa bar 200 a ma'aunin matsin iska ko kusa da haka, iskar ba ta da warin mai ko ɗanɗanon komai, wanda alama ce ta cewa ana canza matatar injin da ke cika su. Rigunan roba ne suka gaji. Wadda aka fara ba ni ta saki a hammata, robar ta motse saboda daɗewa, zif ɗinta kuma sai an shafa masa kakin kyandir yake tafiya. Ruwan Dahab yana sauka zuwa digiri 21 ko 22 a lokacin sanyi, ya hau 27 ko makamancin haka a tsakiyar zafi, kuma jikin da ya saba da zafin Kano ko Damagaram zai ji ruwan digiri 22 bayan minti arba'in fiye da yadda yake tsammani, don haka riga mai kaurin milimita 5 wadda ta kama jiki ba ado ba ce. Da na yi magana an canza mini, amma sai da na yi magana. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ya shafi masu gashin baki: gilashin fuska ba ya kama fata sosai a ƙarƙashin hanci idan akwai gashi, ruwa yana ta tsiyayowa ciki, kuma mai kula da ɗakin kaya ya san maganinsa, ya ɗebo ɗan man silikon a yatsa ya ce a shafa a gashin. Gemu ba ya hana komai. Kwamfutar nutso, wadda ake ɗaurawa a hannu kamar agogo, daban ake biyan hayarta, amma cibiyar ba ta barin kowa ya je bangon ba tare da tasa ba, kuma ba ta yarda mutum biyu su dogara da guda ɗaya.

Daga gari zuwa Blue Hole tafiyar kilomita kaɗan ce zuwa arewa, ana loda kaya a bayan a-kori-kura, direbobin kuma yawanci Larabawan Muzaina ne, mutanen da suka riga otal-otal zama a wannan gaɓa. Ana biyan kuɗin shiga a hanya, domin wurin yana ƙarƙashin kariyar yankin Abu Galum da aka keɓe tun 1992. Tsakanin inda ake ajiye motoci da mashigar Bells akwai 'yar tafiya da ake yi a ƙasa da tukunya a baya, kuma hanyar tana bi ta gaban wani dutse da aka manna wa alluna masu ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a wannan ruwa, da harsuna daban-daban. Kyaftin bai yi amfani da allunan don tsoratar da mu ba, bai kuma yi kamar babu su ba. Ya zaunar da mu a kan tabarma a wata rumfar shayi, ya zana taswirar wurin a kan ƙaramin allo, ya bi ta dalla-dalla: wa zai fara sauka, wa zai biyo shi, iyakar zurfi mita 30, bango a hannun dama har ƙarshe, a sanar da shi idan iska ta kai bar 100, a fito da abin da bai gaza bar 50 ba. Ya maimaita alamun hannu har da waɗanda kowa ya sani, ya kuma sa kowane mutum ya duba kayan abokin nutsonsa a gabansa. Kafin duk wannan ya riga ya je shi kaɗai ya dubi mashigar, domin iskar arewa da ta sa Dahab ta yi suna wajen masu wasan filafilan ruwa tana iya tayar da igiyar da za ta buga mutum da dutse a bakin tsagar, kuma a ranakun da take da ƙarfi cibiyar takan fasa ta canza wuri.

Mashigar kanta wata 'yar tsaga ce a leɓen dutse, faɗinta bai fi ɗaukar mutum ɗaya ba a lokaci guda. Mutum yana zama a bakin dutsen ya sa takalman iyo, ya zame cikin ruwa, ya saki iskar rigarsa, sai ya fara sauka kamar mai shiga rijiya, da bambancin cewa gefe guda a buɗe yake yana kallon shuɗin teku. A nan ne tukwanen waɗanda ba su iya riƙe jikinsu ba suke karo da dutse suna ƙara. Saukar tana da sauri idan aka bar ta, kunne kuwa ba ya son sauri, saboda haka dole mutum ya riƙa toshe hanci yana hura iska a hankali tun kafin ya ji zafi, yana kuma ƙara 'yar iska a rigarsa domin robar jikinsa tana motsewa, ƙarfin da ke ɗaga shi yana raguwa. A wajen mita 26 akwai wata ƙofar dutse da ake ratsawa ta ƙarƙashinta, daga nan sai mutum ya tsinci kansa a fili, bango a dama, a hagu da ƙasa kuwa babu komai sai shuɗin da yake ƙara duhu. Kyaftin ya riga kowa sauka, ya juya baya ga teku yana fuskantar ƙofar, duk wanda ya fito sai ya dube shi ido da ido ya nemi alamar lafiya kafin ya bar shi ya matsa gefe.

Bangon ya cancanci sunan da ya yi. Ya miƙe a tsaye, a wasu wuraren ma ya ranƙwafo har ya yi inuwa, kuma babu tazarar tafin hannu a jikinsa da wani abu mai rai bai kama ba. A ƙasa-ƙasa, inda haske ya ragu, akwai murjani mai reshe kamar mafici da mai laushi da ke kaɗawa, da kogunan da kifaye masu manyan idanu suke fakewa a ciki da rana. Ruwa yana haɗiye launin ja tun daga 'yan mitocin farko, saboda haka abin da ido yake gani toka-toka ko shuɗi a mita 25 yakan zama ja wur ko ruwan lemo da zarar an haska masa tocila, kuma shawarata ita ce kada kowa ya je bangon ba tare da ƙaramar tocila ba ko da rana ce tsaka. Yayin da ake hawa a hankali zuwa mita 15 sai ƙananan kifaye masu launin lemo su yi yawa har su kusa rufe bangon, dukkansu suna fuskantar inda ruwa yake tahowa, kuma da zarar wani babban kifi ya gifta daga tsakiyar teku sai su faɗa cikin murjani gaba ɗaya, su sake fitowa bayan 'yan daƙiƙoƙi. Mun ga kifin nan mai ƙayoyin dafi da ke buɗe fukafukansa a ƙarƙashin duwatsu, da wata kififiya da ta zo tana gutsurar abinci a jikin bangon ba ta damu da mu ba. Wanda ya zo neman manyan kifayen shak ko garken manyan halittu zai fi dacewa da Ras Muhammad ko tsibiran da ke kudu, domin abin da Bells take da shi shi ne bangon da zurfin da ke ƙarƙashinsa. Murjanin nan yana cikin koshin lafiya fiye da na wurare da yawa a duniya, kuma masana sun gano cewa murjanin mashigin Aƙaba yana jure ɗumamar ruwa fiye da na sauran tekuna. Akwai wani iri mai launin rawaya da farin baki wanda yake ƙuna idan ya taɓa fata, shi ma wani dalili ne na barin hannu a naɗe.

A wannan sashe na nutson ne aikin jagora yake bayyana, kuma a nan ne cibiyar ta ci jarrabawata. Kowace mita 10 tana ƙara wa mutum matsi daidai da na iskar sararin duniya guda, don haka a mita 30 matsin ya ninka sau huɗu, iskar tukunya kuma tana ƙarewa sau huɗu fiye da yadda za ta ƙare a sama. Jiki yana shan naitirojin da yawa, har jadawalin PADI ya ƙayyade minti 20 kacal a mita 30, alhali a mita 18 ya ba da minti 56. Daga wajen wannan zurfi ne kuma naitirojin take fara sa maye, mutum ya ji daɗi ba dalili, tunaninsa ya yi nauyi. A jikin bango mai tsabtar ruwa irin wannan ido ba ya gane zurfi, mutum yana iya zamewa mita biyar ko goma yana kallon kifi bai sani ba. Kyaftin bai bar mu a mita 30 ba sai na 'yan mintoci, ya fara ɗaga mu sannu a hankali, kuma na lura cewa a kullum yana ƙasa da kowa kaɗan, a ɓangaren teku, ta yadda duk wanda ya fara nutsewa sai ya zo ta gabansa. Bai ɗauki kyamara ba. Na ga jagororin wasu cibiyoyi a wannan bango suna gaba suna ɗaukar hoto, mutanensu a warwatse a bayansu, wani a sama wani a ƙasa. Namu yana juyowa kusan kowane minti, ya tambayi iskar kowa fiye da sau ɗaya, kuma da wata baiwar Allah a cikinmu ta fara gangarowa ƙasa da layin da ya shata, kafin ta ankara ya riga ya isa gefenta, ya nuna mata kwamfutarta, ya ɗaga tafin hannu alamar ta hau.

Ƙarshen nutson shi ne a haye wani kwari a leɓen Blue Hole da ake kira Saddle, mai zurfin mita 6 zuwa 7, wanda shi ne ya fi ko'ina yawan murjani da launi, a faɗa cikin ramin, a bi gefensa a mita 5 ana cika minti uku na tsayawar kariya, wadda ake yi don jiki ya rage naitirojin kafin a fito, har a isa wurin fita. Ramin da kansa, mai zurfin sama da mita 100, ba shi da abin kallo sosai a ciki. Abin da ya ja masa mummunan suna shi ne wata ƙofa da ake kira Arch, rami mai tsawon kusan mita 26 da ya haɗa shi da teku, wanda rufinsa yake a wajen mita 55. Iyakar nutson nishaɗi mita 40 ce. Wanda ya nufi Arch da tukunya ɗaya ta iskar da muke shaƙa zai isa can cikin maye, iskarsa tana ƙarewa fiye da sau shida, oksijin ɗin da ke cikinta kuma ya kusa kai matakin da yake zama guba, kuma idan ya wuce bakin ƙofar bai gan ta ba sai ya ci gaba da sauka yana nema. Babu ƙididdiga ta hukuma, amma ƙiyasin da aka fi ambatawa ya sa waɗanda suka mutu a wurin sun haura ɗari. Wanda aka fi sani shi ne Yuri Lipski, malamin nutso da ya mutu a watan Afrilu na 2000 a zurfin mita 115, kyamarar da ke jikinsa tana ɗauka, sai kuma Stephen Keenan ɗan ƙasar Ireland, wanda ya rasu a 2017 yana ƙoƙarin ceton 'yar Italiya Alessia Zecchini a lokacin da take ratsa ƙofar da numfashi ɗaya. Ana ratsa Arch lafiya, amma da horo na musamman, da tukwane fiye da ɗaya, da iskar da aka gauraya da hiliyom. A Dahab ɗin nan ne Bamisire Ahmed Gabr ya kafa tarihin nutso mafi zurfi da tukunyar iska a watan Satumba na 2014, mita 332.35, inda saukar ta ɗauke shi 'yan mintoci, hawan kuma kusan awa 14. Na tambayi mai cibiyar ko suna kai mutane Arch, ya ce suna tura mai so zuwa ga masu koyar da nutson zurfi, su dai ba sa wuce mita 40 da kowa ko nawa zai biya.

Akwai inda cibiyar ta gaza, kuma ba ƙananan wurare ba ne duka. An yi mana alkawarin cewa ba za mu wuce mutum huɗu ga jagora ɗaya ba, amma a wata fita aka cusa mana ƙarin mutum biyu da suka zo a makare, kuma a bango irin wannan bambancin huɗu da shida ba ƙarami ba ne ga ido biyu. Motar tana yawan makara, abin da yake da illa fiye da ɓata rai, domin da hantsi motocin 'yan yawon buɗe ido daga Sharm el-Sheikh suke isowa, wurin fita ya cika da masu iyo a saman ruwa sanye da rigunan ceto, wasu suna tsayawa a kan murjani da ƙafa, mai tukunya a baya kuma sai ya jira layi kafin ya fito. Wanda ya shiga Bells da sassafe ya fita kafin wannan cunkoso ya ga wani wuri daban. Na duba akwatin oksijin na gaggawa da ke cikin motar na tarar da shi cike, amma yana can ƙarƙashin jakunkuna, kuma da bukata ta taso da sai an sauke rabin kaya kafin a kai gare shi. Na faɗa wa kyaftin, washegari na gan shi a kujerar gaba. Sai batun kuɗi: farashin da ke kan allo, wanda aka rubuta da Yuro, na nutso ne da tukunya da dalma da jagora kawai, hayar sauran kaya da kwamfuta da kuɗin shiga Blue Hole duk daban suke, kuma ba a tara mini su wuri ɗaya ba sai ranar biya. Ba a cuce ni ba, kowane abu yana rubuce a wani wuri, amma ya kamata a ba baƙo jimillar tun ranar farko.

Ta fuskar zaman wurin ba ni da ƙorafi. Rumfunan da ke bakin Blue Hole suna ba da shayin Larabawan yankin mai ganyen habak, da abinci mai sauƙi, kuma hutun da ake yi tsakanin nutso biyu, wanda ba ya gaza awa ɗaya, ya isa mutum ya ci ya yi sallar azahar, ma'aikatan ma da yawansu a nan suke yin tasu. Cibiyar tana da ɗakin canza kaya na mata daban, akwai mace a cikin malamanta, kuma rigar roba tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, ana iya ƙara hular roba da doguwar riga mara nauyi a kai kafin a shiga ruwa. Mai niyyar zuwa cikin watan azumi ya sani cewa ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da suke ƙara haɗarin ciwon da naitirojin take jawowa bayan fitowa, iskar tukunya kuma busasshiya ce, don haka gara ya zaɓi wani watan.

Wani abin da na yaba shi ne sun tambaye ni shirina na bayan nutso ba tare da na kawo maganar ba. Shawarar da DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ta bayar ita ce a jira aƙalla awa 12 kafin hawa jirgin sama bayan nutso ɗaya, awa 18 kuma bayan nutso da yawa, kuma yawancin cibiyoyi sukan ce a cika kwana guda. Abin da baƙi suke mantawa shi ne hawa dutse ma haka yake. Kusan duk wanda ya zo Dahab daga ƙasashenmu zai so ya ziyarci Dutsen Musa, wanda tsayinsa ya kai mita 2,285, kuma motocin da ke kai mutane can da dare suke tashi domin a riski fitowar rana a ƙololuwa. Wanda ya fito daga Bells da rana ya hau wannan mota da dare ya jefa kansa cikin haɗari irin na wanda ya hau jirgi. Matar teburin rajista ce ta lura da takardar ziyarar a hannuna, ta sa aka matsar mini da ita zuwa bayan na huta.

Zan sake nutso da wannan cibiya, kuma zan tura mata wanda ya riga ya mallaki katin mita 30 kuma ya iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa, da sharaɗin ya zo da rigar robarsa idan yana da ita, ya nemi jimillar kuɗi a rubuce, ya kuma dage a kan fitar sassafe da ƙaramin rukuni. Ɗaliban da ke karatu a Alƙahira suna iya zuwa da motar safa ta ramin Ahmed Hamdi da ke ƙarƙashin mashigin Suwez, tafiyar dare guda ce mai shingayen bincike da yawa, don haka fasfo ya kasance a aljihu. Wanda bai taɓa nutso ba zai iya fara koyo a nan Lighthouse, amma sai ya iya iyo na mita 200 ya kuma iya zama a saman ruwa na minti 10 kafin a ba shi katin farko, Bells kuwa sai bayan kati na biyu.